Gwaggo da Takardar Gonar Sarandosa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta cika da hantsin wata Laraba a ɗakinta da ke Jega Magaji, muka kai ta makwancinta bayan azahar. Kafin mu dawo daga maƙabarta ƙofar gida ta cika. Mahauta sun bar rumfunansu, direbobin tasha sun zo cikin kayan aiki, 'yan albasa na Aliero suka sauko daga mota guda. Duk waɗannan mutane ta taɓa buga musu takarda, ko ta neman fili, ko ta koke, ko wasiƙa zuwa ga ɗa da ke nesa.

Kowa da irin abin da ya tuna. Wani tsohon mahauci ya ce ta taɓa korarsa har bakin titi saboda ya miƙa hannu mai maiƙo zai ɗauki takardarsa, sai da ya wanke da sabulu ta ba shi. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, shi kuwa yana share ido da hularsa. Daga cikin gida ana jiyo kukan mata. Mahaifina, wanda suka fi shekara hamsin suna musu da ita, ya zauna jikin bango ya kasa amsa gaisuwar kowa.

A rana ta biyu wani dattijo da suka yi aikin gwamnati tare da Gwaggo ya zo. Ya yi addu'a mai kyau, ya shafa, sannan ya ƙara da murya irin ta mai tausayi: "Allah shi gafarta mata dud da abin nan na takardar Sarandosa. Ɗan Adam ajizi na."

Mutum biyu ko uku suka ce amin. Ni kuwa na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, Allah shi gafarta mata zunubbanta, amma wanga ba ya cikinsu. Ba ta ci amanar kowa ba. Ni nib ɓata takardar, ita kau ta hana ni faɗi."

Mahaifina ya ɗago kai ya dube ni. Ban iya yin bayani a zaman makoki ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don wanda ya ji zargin ya ji yadda abin ya faru.

Gwaggo mai tafireta ce tun muna ƙarƙashin Sakkwato. Da aka yanke mana Jihar Kebbi aka maido ta gida, ta ƙarasa aikinta a wani ofis a nan Jega. Da ta yi ritaya sai ta sa aka share zauren gidanmu, ta kafa tebur, ta ɗora tafiretarta tana fuskantar titi. Mahaifina ya tayar da hankali. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Yaya, mace da girmanki ki zauna zaure, kowane ƙato shina leƙo ki?"

Ta ce, "Shekara nawa ina zaune ofis ƙattai na leƙo na, ba ka ce komi ba don gwamnati ad da teburin. Yanzu da teburin yaz zama nawa kaf fara jin kunya?"

Bai sake tayar da maganar ba, amma ya yi wata guda yana shiga gida ta ƙofar baya.

Tana da ƙa'ida wadda ba ta karyawa: ba ta miƙa wa mutum takarda sai ta karanta masa ita da ƙarfi, kalma bayan kalma, ta tambaye shi, "Haka kac ce, ko haka nij ji?" In mutum ya ce ta ƙara gishiri a kokensa don a ji tausayinsa, sai ta zare takardar ta ce ya nemi wani wuri. Tabaraunta na rataye da zare a wuya, goro a gefen tebur, ga kuma tsohuwar atamfa da take rufe kayan aiki da ita. Harshenta da kaifi, ban musa ba. Amma na sha ganin tsohuwa ta zo daga ƙauye neman a rubuta mata wasiƙa, Gwaggo ta buga mata, ta sa a kawo mata tuwo, ta raka ta har tasha.

Da kwamfuta ta fara shigowa garuruwanmu, Gwaggo ta riga ta haura hamsin. Ta sayar da shanun kiwonta biyu ta sayo kwamfuta ɗaya, da firinta da ƙaramin janareta, ta tafi Birnin Kebbi ta yi makonni tana koyo cikin 'yan matan da ta isa haihuwa. A unguwa ana ta yi da ita, wai tsohuwa ta sayi talabijin da ba ya kama tasha. Ba a yi wata shida ba masu dariyar suka dawo suna bin layi a zaurenta.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Aliero, da matata da 'ya'ya biyu. Na ɗan iya kwamfuta, kuma ina jin kaina fiye da abin da na iya. Wani abokina ya ba ni faifai mai ɗauke da sabon samfurin furogiram ɗin da Gwaggo take buga rubutu da shi. Wata Asabar ta tafi suna Maiyama, na zo Jega, na karɓi mabuɗin zaure wurin mahaifiyata, na kunna kwamfutar na ɗora sabon. Ban cire tsohon ba, don ban san ana cirewa ba. Ana cikin ɗorawa ya tambaye ni ko ya kwafo takardun da ke ciki zuwa tasa ma'ajiyar, na danna masa e ba tare da na yi tunani ba. Da ya gama sai ga 'yan hotuna biyu a allon kwamfutar, kusa da juna, kamarsu ɗaya, sunansu ɗaya. Na rufe da atamfa na tafi. Nufina ta ga aikin ya ƙara sauri, ta yi mamaki, sannan in fito in ce ni ne. Daga ranar kowace takarda da ke cikin na'urar ta zama biyu, kowane furogiram da tasa, ba wanda ya sani.

Kwanaki kaɗan kafin wannan Asabar wata mata daga Sarandosa ta zo wurin Gwaggo. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu da fadamar albasa, ƙanin mijin kuma ya ce rabin fadamar tasa ce. Za ta kai ƙara kotu a Maiyama, tana son a rubuta mata bayaninta. A zuwan farko ta ce iyakar gonar ta gabas ita ce wata tsamiya, Gwaggo ta buga haka ta adana, ta ce ta koma ta tabbatar kafin a fitar da takarda. Bayan mako ta dawo da wani dattijon ƙauyensu wanda ya san gonar tun zamanin kakanni. Ya ce a'a, iyakar ta wuce tsamiya, sai ta kai tsohuwar rijiya. Tsakanin tsamiyar da rijiyar nan kuwa shi ne ainihin filin da ake rigima a kai.

Gwaggo ta danna ɗaya daga cikin hotunan nan biyu, ta buɗe takardar, ta gyara, ta karanta musu da ƙarfi daga allon, suka ce haka ne. Tana shirin fitarwa wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi. Washegari da safe matar ta dawo a gurguje, mota na jiranta a tasha. Gwaggo ta danna ɗaya hoton, ta buɗe takarda mai wannan sunan, ta fitar, matar ta dangwala yatsa, aka sa a ambulan. Sau ɗaya ke nan a sanina da ta miƙa takarda ba ta sake karantawa ba, tun da jiya-jiya ta karanta. Tsohuwar takardar ce ta fito, mai cewa tsamiya.

A kotu aka karanta bayanin a gaban kowa. Matar ta miƙe tana kuka tana cewa ba haka ta faɗa ba. Ƙanin mijin ya ce ai ga shi da yatsanta ta yarda iyaka tsamiya ce. Alƙali ya ɗage zama. Kafin la'asar labari ya iso Jega: wai ƙanin mijin ya bi ta bayan fage ya sayi mai tafireta.

Matar ta zo har zaure, ta tsaya a bakin ƙofa, jama'a na kallo. Ta ce, "Hajiya, marayu kika yi ma haka? Mi munka yi miki?"

Gwaggo ba ta ba ta amsa da zafi ba. Ta ce, "Shigo ki gani." Ta buɗe takardar, ga rijiya a rubuce. Ta rufe, ta ɗan yi wani abu, ta sake buɗewa don ta nuna wa wani maƙwabci, sai ga tsamiya. Ita kanta ta ja da baya. Matar ta tafi ba ta yarda ba. Cikin kwana uku layin da ke zaure ya watse. Wasu suka ce cin hanci ne, wasu suka ce na'urar ce take da iskoki.

Aka kira wani mai gyaran kwamfuta daga Birnin Kebbi. Ya ɗan danne-danne, ya ce cuta ce ta shiga, magani shi ne a goge komai a fara daga farko. Gwaggo ta zare filogi daga bango ta riƙe a hannunta. Ta ce, "Takardun mutane ɗari nawa ag ciki, ka ce a goge? Kuma in ka goge, da mi zan nuna ban yi ƙarya ba? Tashi, na gode."

Ya ce, "Hajiya, ni aikina na wanga."

Ta ce, "Ni kau sunana na ag ciki."

Ta rufe zaure kwana biyu, ba ta karɓi aikin kowa ba. Daga safe zuwa magariba tana zaune da littafi da biro, tana danna abu ɗaya ta rubuta abin da ya fito, ta danna wani ta rubuta. A nan ta lura cewa in ta shiga ta hoton dama rijiya take gani, in ta shiga ta na hagu tsamiya. Ta lura lambar da ke bayyana idan suna buɗewa ba iri ɗaya ba ce. Ta duba takardun koyonta na Birnin Kebbi, ta nemo inda kwamfuta ke jera sunayen duk furogiram ɗin da aka ɗora mata. Ga sunan nan sau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ta bi ta gano ma'ajiyar kowanne, ta duba ranar da aka buɗe ta biyun. Ranar da ta tafi suna Maiyama ce. Ta shiga gida ta tambayi mahaifiyata wa ya karɓi mabuɗi.

Aka aiko mini Aliero in zo. Na riga na ji labarin zargin, kuma zuciyata ta riga ta fara raya mini cewa da hannuna a ciki, amma na yi shiru ina fatan ba haka ba ne. Na shiga, ta ce in rufe ƙofa. Ta nuna allon da bakin biro.

"Malam," haka take kirana in ranta ya ɓaci, "karanta man wanga layi. To, karanta na ƙasa. Wa yas sa na biyu?"

Na ce, "Gwaggo, gyara nika so in yi miki."

"Na roƙe ka?"

"A'a."

"Da kas sa, ka faɗa man?"

"A'a."

"Da kaj ji ana zagina cikin kasuwa, ka zo ka ce Gwaggo na taɓa kayanki, a duba?"

Na durƙusa na ce zan je kotu in faɗi gaskiya, a wanke ta. Ta yi tsaki. Ta ce, "Tashi. Kai malamin makaranta na, ɗiyan mutane na hannunka. In anka ce ka shiga ɗakin mutane ka ɓata takardar kotu, wa zai tsaya jin faifai da furogiram? Aikinka zai tahi. Ni na gama nawa aikin, ba mai kora ta. Kuma ni nib bada takarda ban karanta ba, wanga laihina na, ba naka ba. Za ka ɗauko man kaya dai, bakinka kau ka rufe shi muddin ina da rai."

Ranar da kotu ta sake zama muka yi hayar a-kori-kura ta wani ɗan albasa. Gwaggo ta naɗe kwamfutar da bargo ta rungume ta a gaban mota, ni ina baya riƙe da janareta da firinta, har Maiyama. Ma'aikacin kotu ya ce ba a shiga da irin wannan kaya. Ta ce to a shaida wa alƙali shaidarta ce, in ba za ta shiga ba shi ya fito. Alƙali ya ce a shigo da ita.

Na ja waya daga waje, janareta ya tashi. Gwaggo ta sa tabarau, ta ce, "Allah shi gafarta Malam, ga ƙofa biyu, kamarsu ɗaya. In na shiga ta wagga, ga abin da matag ga taf faɗi zuwan farko." Ta karanta, tsamiya. "In na shiga ta wagga, ga abin da anka gyara gaban dattijonsu." Ta karanta, rijiya. Ta nuna masa ranar da aka adana kowacce. Alƙali ya sauko daga kujerarsa, ya ce ta sake, ta sake. Ya kira magatakarda shi ma ya gani.

Sai ya tambaya, "Wa yas sa ƙofa ta biyu?"

Ina tsaye a bakin taga, hannuna duk baƙin mai. Gwaggo ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Kwamfutata ta, zaurena na. Abin da duk yaf faru ciki ni ad da alhaki."

Alƙali ya karɓi takardar da aka gyara. Daga baya kotu ta je gonar, ta saurari dattawan Sarandosa, aka tabbatar wa marayu filinsu har bakin rijiya.

Da muka dawo Jega na ɗauka magana ta ƙare. Ta ce in zauna a kujerarta, ni da na ɗora ni zan cire, ita tana tsaye a kaina. Ta fara sa ni na kwashe duk takardun ma'ajiyun biyu a kan ƙananan faya-fayan ajiya da ake kira diskit, ta rubuta wa kowanne suna da hannunta. Sannan muka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda take da tagwai muka buɗe duka biyun, ta duba wadda aka gyara a ƙarshe, muka tara masu kyau wuri guda. Aikin nan ya cinye mana Asabar da Lahadi, kuma mun sami takardu huɗu ban da ta matar da suka saɓa wa juna. Ta aika aka kira masu su ta sake fitar musu.

Na ɗauka sabon za ta ce in cire, tun da shi ya jawo mata abin kunya. Ta gwada su duka ta ce, "Sabon ya hi kyau. Cire tsohon. Ba don kai ba, don aiki."

Na shiga jerin nan, na zaɓi mai tsohuwar lamba, ta sa na karanta mata lambar sau biyu kafin in danna cirewa. Ya gama, muka kashe muka kunna. Na danna sabon, ya ƙi buɗewa. Ashe akwai abubuwan da suke amfani da su tare, tsohon ya tafi da su. Na sake dannawa, na sake, ya ƙi. Gwaggo ta ɓare goro ta ce, "Takardu na bisa diskit, mi kaka ma rawar jiki? Ɗauko faifanka." Na sa faifan, ya ba da zaɓin gyara, na danna, ya mayar da abin da ya ɓace. Furogiram ya buɗe. Hoton tsohon da ya rage a allo ba ya kai ko'ina, ta karɓi linzamin kwamfutar daga hannuna ta goge shi da kanta.

Waɗanda suka ji zargi a kasuwa sun fi waɗanda suka je kotu yawa, shi ya sa maganar ba ta mutu duka ba. Na sha roƙonta ta bari in faɗa, ta ce ba ta da lokacin bin rumfa-rumfa tana wanke kanta. Ta buɗe zaurenta ta ci gaba da aiki. Matar Sarandosa ta zo da buhun albasa tana neman gafara, Gwaggo ta ɗebi 'ya'ya biyar na miya ta ce ta mayar wa marayu sauran. Daga nan duk mai takarda a ƙauyensu wurin Gwaggo take kawo shi. Sai da idonta ya daina ganin rubutu ta bar teburin, ba don maganar wani ba.

Kwana biyu kafin ta rasu na same ta kwance, ɗaki cike da dangi da maƙwabta. Wata daga cikin matan ta sunkuya ta ce mata ta nemi gafarar jama'a, tun da jiki ya yi nauyi. Gwaggo ta sa aka tayar da ita zaune, aka jingina ta da matashi. Muryarta ta shaƙe amma ana ji.

Ta ce, "Ni na yahe ma kowa. Wanda nib ɓata ma rai da bakina, shi yahe man, na san ina da faɗa. Amma in da wanda nic ci ma haƙƙi, ko nir rubuta mai ƙarya, shi faɗi yanzu ina ji, in amsa mai."

Ta bi fuskokinmu da idon da ba ya gani sosai, ta jira. Ta jira har shirun ya yi tsawo, har wata ta fara kuka. Ba wanda ya ce uffan.

Ta ce, "To, ku shaida." Sannan ta ce a dama mata fura, kada a cika ruwa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Gwaggo, Ya sauƙaƙa miki tambaya, Ya sa Aljanna ce makomarki. Mu da muka rage, Ya ba mu ko rabin tsayuwarki.